Tikitin da Wasa Ɗaya Ke Yankewa: Cacar Ƙwallo da Neman Mafita a Nima da Maamobi

Ranar Asabar da rana, da zarar an take leda a gasar Firimiyar Ingila, gidajen kallon ƙwallo na unguwannin Nima da Maamobi a birnin Akra na Gana kan cika maƙil, benci bayan benci, fanka na juyawa amma gumi bai fasa zuba ba. Duk wanda ya san irin wannan zama tun zamanin da Michael Essien ke tashe a Chelsea zai lura cewa ihun ya sauya. A da kowa ƙungiyarsa yake yi wa ihu. Yanzu sai a ga saurayi sanye da rigar Arsenal yana fatan a zura wa Arsenal ƙwallo, wani ya daka tsalle don an buga kwana ta tara, wani kuma ya ba talabijin baya gaba ɗaya, idonsa na kan waya yana bin wasan wata ƙungiya a Norway ko Turkiyya wadda bai san sunan ɗan wasanta ko ɗaya ba. Idan alƙalin wasa ya hura tashi, maganar da ta fi yawo a bakin ƙofa ita ce: wasa ɗaya ne ya yanke tikitin.

Nima ba baƙuwar ƙwallo ba ce. Unguwar da Malam Amadu Futa ya kafa a farkon shekarun 1930, wadda ta tara Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Kotokoli da Dagomba da Mosi har Hausa ta zama harshen kasuwa da na masallaci, ita ce ta haifi Mohammed Kudus a shekarar 2000. A filayenta masu ƙura ya fara taka leda kafin makarantar ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi, daga can sai Denmark, sai Ajax, sai West Ham a 2023, sai Tottenham a 2025. Yaran unguwar sun san ƙwallo ciki da bai: sun san wa ya ji rauni, wa aka dakatar, wace ƙungiya ce ba ta iya wasan waje. Wannan sanin, wanda abin alfahari ne, shi ne ƙofar da caca ta shigo ta, domin mai sani yakan ɗauka ba sa'a yake gwadawa ba, iliminsa yake sayarwa. Shekaru biyun da Kudus ya yi a West Ham, sunan kamfanin caca na Betway ne a ƙirjin rigar ƙungiyar. Ba shi ya zaɓa ba, yarjejeniya ce ta kulob tun 2015. Amma yaron da ya sayi rigar gwarzonsa a kasuwar Nima ya sayo ta ne haɗe da tallan.

Ga kuma matsin rayuwa. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, abin da ya kai ƙasar ga karɓar rancen dala biliyan 3 daga Asusun Lamuni na Duniya a watan Mayu na 2023. Saurayin da ya gama sakandare yana zaune a bes, wato majalisar da ake dafa ataya ana hira har dare, ba aiki ba jari, idan aka nuna masa sidi biyu na iya zama sidi dubu biyu kafin Isha, ba ƙaramin ƙarfin zuciya zai hana shi gwadawa ba.

Daga rumfar loto zuwa cikin aljihu

Caca ba yau ta zo Akra ba. Tun 1958 gwamnati ke da ma'aikatar loto, kuma dattawan Zango, wato unguwanni irin su Nima da Maamobi, sun daɗe da sanin ƙananan rumfunan katako inda ake rubuta lamba biyu cikin casa'in, da masu loton bayan fage da ake kira banka-tu-banka. Daga baya injinan jakfot masu haɗiye kwabbai suka bazu a lunguna, yara na zuba musu kuɗin tara da na aike, har Hukumar Kula da Caca ta haramta irin waɗannan tsofaffin injina daga farkon 2022. Sai dai duk waɗannan suna da abu guda: sai mutum ya tashi ya je, kuma ana ganinsa. Mai zuwa rumfar loto a Maamobi ya san wata ƙanwar babarsa na iya wucewa, ko ladanin unguwa. Idon jama'a na taka wa mutane da yawa birki.

Waya ta kawar da wannan shinge. A 2006 majalisar dokoki ta yi doka mai lamba 721 wadda ta kafa Hukumar Kula da Caca a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, da mai lamba 722 wadda ta kafa Hukumar Loto ta Ƙasa. Shekara uku bayan haka, a 2009, kamfanin MTN ya ƙaddamar da MoMo, wato asusun ajiye kuɗi da tura su ta waya. Ke nan an rubuta dokar ne ana tunanin gidajen caca masu ƙofa da maigadi, kafin kowa ya hango ranar da kuɗi da kanti da talla za su taru cikin abu ɗaya da ake sakawa a aljihu. Yau SportyBet da Betway da betPawa da Soccabet da 1xBet ba sa rufe ƙofa, dare ko rana, azumi ko sallah. Tun a 2017 wani binciken jin ra'ayi da kamfanin GeoPoll ya yi ta waya ya nuna kashi 42 cikin ɗari na matasan Gana da aka tambaya sun taɓa yin caca, na Kenya kuwa kashi 76.

Lissafin da ba a yi a bes

Abin da ya kamata kowane mai yankar tikiti ya fara sani shi ne, kamfani ya riga ya cire ribarsa tun kafin a take wasa. Tana ɓoye cikin ods, wato ninkin da aka yi alkawarin biya. A ɗauka kamfani na cire kashi 5 cikin ɗari a kowane wasa. Wanda ke zubawa a kan wasa ɗaya tak, idan tafiya ta yi nisa, sidi 95 ne ke dawo masa cikin kowace 100. Amma wa ke zuba sidi biyu a kan wasa ɗaya? Jerawa ake yi, wasa goma, sha biyar, ashirin a tikiti guda, don ninkin ya yi kauri. To duk wasan da aka ƙara, yankan kamfani ma ƙaruwa yake yi. A tikitin wasa goma, abin da ke dawowa ya sauka zuwa wajen sidi 60 cikin 100. A na wasa ashirin, sidi 36. Dogon tikitin da talaka ya fi so shi ne wanda ya fi yi wa kamfani riba, shi ya sa ake ba da kyautar ƙari ga mai jera wasanni da yawa.

Maganar nan ta wasa ɗaya ma tana da lissafinta. A ce mutum gwani ne ƙwarai, kowane hasashe da ya yi cikin goma yana da damar kashi 70 cikin ɗari ya fito daidai. Damar duka goman su fito ba ta kai kashi 3 cikin ɗari ba. Damar tara su fito ɗaya ya faɗi kuwa ta haura kashi 12. Wato saura ƙiris ya ninka cin gaske fiye da sau huɗu. Ba baƙin jini ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma wani mai tsaron gida ne ya ci amanarsa ba. Haka aka ƙera abin. A 2009 wasu masana a Jami'ar Cambridge, ƙarƙashin Luke Clark, sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu buga injin caca, suka ga cewa kuskurewa da ƙiris na motsa sassan da cin gaske ke motsawa, kuma yana ƙara wa mutum sha'awar sake zubawa. Mutum ya yi asara, amma jikinsa ya gaya masa ya kusa.

Loto ma bai fi ba. Cikin lamba 90 ana zaro 5, damar lamba biyun da mutum ya zaɓa su fito ɗaya ce cikin kusan 400, alhali ninki 240 ake biya.

Abin da ya fi waɗannan duka saurin cinye mutum shi ne wasannin da ba sa jiran ƙarshen mako: ƙwallon kwamfuta da ake kammalawa cikin 'yan mintuna, da wasan jirgin sama na Aviator wanda kowane zagayensa daƙiƙu ne. Masu Aviator da kansu sun bayyana cewa kashi 97 cikin ɗari na abin da aka zuba yake mayarwa. A kunne kamar ba yawa aka cire ba. Amma wanda ya shiga da sidi 100 ya yi ta juya abin da ke hannunsa har zagaye hamsin, a matsakaicin lissafi sidi 22 zai rage masa, kuma zagaye hamsin ba sa cin awa ɗaya. A nan ba sanin ƙwallo, ba hasashe, ba komai. Masu sayar da manhajar da wai take hango inda jirgin zai faɗi, ko sakamakon wasan da wai an riga an shirya, a Telegram da WhatsApp, damfara ce a kan asara.

Ba wai ba a shirya wasa ba. A watan Yuli na 2021, a gasar Firimiyar Gana, AshantiGold ta lallasa Inter Allies da ci 7 da nema a Obuasi, biyu daga ciki ɗan bayan Inter Allies Hashmin Musah ne ya zura wa ragarsu da gangan. Ya fito ya ce ya yi haka ne don ya ɓata sakamakon da ya ji an tsara saboda masu caca. A watan Mayu na 2022 hukumar ƙwallon ƙasar ta jefa ƙungiyoyin biyu zuwa rukuni na ƙasa. Darasin ga ɗan Nima a bayyane yake: idan ma an shirya wasa, ba shi za a gaya wa a kan sidi hamsin ba, kuɗinsa ne ake shirin kwashewa.

Inda wasa ke zama ciwo

Ba duk mai yankar tikiti ne ya kamu ba. Da yawa sukan gwada, su yi asara, su watsar. Amma akwai waɗanda abin ke riƙewa, kuma likitoci sun daɗe da daina kallonsu a matsayin masu taurin kai kawai. Tun 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya wannan ciwo na caca cikin jerin cututtuka, a 2013 ta mayar da shi sahu ɗaya da jarabar giya da ƙwaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta yi a kundinta da ya fara aiki a 2022. Ƙiyasin hukumar shi ne kashi 1.2 cikin ɗari na manya a duniya na fama da shi. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce a 2024 adadinsu ya kai wajen mutum miliyan 80. Wani bincike a Ostireliya kuma ya nuna kowane mutum ɗaya da ya kamu yana jawo wa wasu shida wahala. A gidan haya na Nima, inda iyali goma ke raba tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, ba wuya lissafin ya wuce haka.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya san su. Sidi biyar ta daina gamsarwa sai hamsin. Mutum ya yi rantsuwa ya daina, kwana uku ya koma. Yana sallah yana tunanin wasan dare. Ya fara ƙarya a kan inda kuɗi suka tafi: an yanke masa aljihu a motar haya ta trotro, mai kaya bai biya ba, MoMo ta riƙe. Babbar alamar ita ce bin asara, wato zuba kuɗi ba don a ci riba ba sai don a dawo da na jiya. Daga nan ake taɓa abin da ba na mutum ba: cinikin shagon maigida, balas ɗin mai babur, kuɗin makarantar ƙani, jarin wake da shinkafar mahaifiya, kuɗin da wa ya aiko daga Jamus ko Amurka don a ci gaba da gini.

Bayan haka sai bashi. Rancen waya yana shigowa cikin minti ɗaya, a wayar da ake cacar da ita. A 2023 Babban Bankin Gana ya fitar da jerin manhajojin ba da rance kusan ɗari marasa lasisi, irin waɗanda ke kwashe lambobin da ke cikin wayar mutum, idan ya gaza biya su aika wa 'yan uwa da abokai saƙon tozarci. Sau da yawa ta haka gida ke fara jin labari.

A siyasance, muhawarar ta bi wata hanya dabam. A watan Agusta na 2023 gwamnati ta fara cire harajin kashi 10 cikin ɗari daga abin da mai caca ya ci, matasa suka yi ca. Da zaɓen 2024 ya matso, manyan 'yan takara biyu, John Mahama da Mahamudu Bawumia, kowanne ya yi alkawarin soke shi, kuma a watan Afrilu na 2025 Shugaba Mahama ya sa hannu aka soke. An shafe shekara biyu ana jayayya a kan haƙƙin wanda ya ci. Wanda aka cinye, wanda shi ne mafi yawa, bai samu ko rubu'in wannan kulawa ba.

Kowa ya san haramun ce

A Zango ba a buƙatar wani ya zo daga waje ya faɗi hukuncin caca. Yaron makarantar allo ya san aya ta 219 a Suratul Baƙara ta ambace ta tare da giya, aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida kuma sun haramta ta, suka bayyana yadda take haddasa gaba da ƙiyayya tana kange mutum daga sallah. Daga babban masallacin ƙasa da ke Kanda zuwa ƙananan masallatan lungu, ba a rasa huɗuba a kanta. Cibiyar bincike ta Baraka, wadda Musulmin Gana suka kafa, ta yi shekaru tana jan hankalin hukuma kan yaran da ba su kai 18 ba da ake samu a shagunan caca na unguwannin Zango.

To sanin haramcin bai yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙofar da wanda ya riga ya faɗa zai ƙwanƙwasa ba tare da an yayata shi ba. Mai shan ƙwaya jikinsa kan tona shi, mai caca kuwa yana iya tsayawa sahun gaba da farar riga alhali bashin sidi dubu ashirin na kansa. Ya san idan maganar ta fita, sunansa ya zama ɗan caca, gidan da yake neman aure za su ji, maigidansa zai karɓe makulli. Saboda haka sai ya yi shiru, ya kuma yanke shawarar da kusan duk wanda ya kamu yake yankewa: bari in ci sau ɗaya in biya kowa, sannan in tuba. Kunyar da a da take hana mutum shiga rumfar loto, yanzu ita ce ke hana shi fita daga manhaja.

A Kano, hukumar Hisba ta rufe shagunan caca talatin a watan Oktoba na 2024. Gana ba ta da irin wannan hukuma, caca kuma halattacciya ce a dokarta ga wanda ya kai 18. Ko a Kanon ma, kwaɗon da aka sa wa shago bai kai ga wayar da ke cikin aljihu ba. Wa'azi wajibi ne, tsawatarwa na da gurbinta, amma malamin da ya gama huɗuba ya ƙara da cewa duk wanda abin ya fi ƙarfinsa ya same shi a keɓe, asirinsa a rufe, kuma ya san asibitin da zai tura shi, ya yi aikin da tsawa kaɗai ba za ta yi ba. Ba sassauci ba ne ga zunubi. Ayoyin da kansu sun haɗa caca da giya, kuma kowa ya yarda mashayin da ya tuba yana buƙatar a raba shi da kwalba, a kuma yi masa magani.

Abin da ke aiki

Matakin farko shi ne faɗa wa mutum ɗaya, da cikakken adadi. Ba rabin bashin ba, dukansa. Masu jinyar wannan ciwo sun san cewa bashin da aka ɓoye shi ke mayar da mutum ruwa, domin zai koma nema a asirce don ya toshe shi.

Na biyu, raba hannu da kuɗi. Niyya ba ta isa ba idan albashi ko ciniki na sauka a wayar da ke da manhajar caca. Wanda ya yi da gaske yakan miƙa ragamar kuɗinsa na wasu watanni ga wanda ya amince da shi, mata ko uwa ko wa, a riƙa ba shi na abinci da na mota a hannu. Wasu kan koma ƙaramar waya mai maɓalli, ko da yake ita ma ana iya caca da ita ta lambobin da ake dannawa, don haka asusun MoMo ɗin ne ya kamata ya kasance ba komai ciki. A nan tsohuwar al'adar susu, wato adashi, tana da amfani sosai: mai karɓa ya zagayo kullum ya karɓi abin da aka samu, ba a ganin kuɗin sai ƙarshen wata, ya cire na kwana ɗaya ladansa. Kuɗin da ba ya hannu da ƙarfe goma na dare ba ya shiga Aviator.

Na uku, rufe ƙofofin. Manyan kamfanoni masu lasisi suna da wurin da mutum zai nemi a dakatar da asusunsa na wani lokaci ko har abada, da wurin sa wa kansa iyakar abin da zai zuba. Goge manhaja kawai ba ya wadatarwa, minti biyu ne a sake sauke ta. A nemi rufe asusun, a kowane kamfani da aka taɓa rajista, a gaban wanda aka amince da shi. Akwai kuma manhajoji irin su BetBlocker, wadda kyauta ce, da ke toshe dubban shafukan caca a waya. A fita daga zaurukan masu ba da hasashe. Idan bes ɗin da ake zama hirarsa ba ta wuce ods, a sauya wurin zama, ko da na 'yan watanni ne, ko da za a ce mutum ya fara girman kai.

Na huɗu, asibiti, kuma a nan ne ƙafa ke nauyi. Jin sunan asibitin ƙwaƙwalwa kaɗai kan sa mutum ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Amma tun dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, manufar ƙasar ita ce a kai wannan jinya kusa da jama'a, kuma akwai ma'aikatan jinya da aka horar a kanta a asibitocin gundumomi da na unguwanni. Ɗan Nima na iya farawa daga Babban Asibitin Maamobi ya nemi a haɗa shi da su. Asibitin ƙwaƙwalwa na Akra da ke Adabraka ba nisa, akwai na Pantang a gaban Madina wanda ke da sashen masu fama da jaraba, akwai kuma asibitin Korle Bu. Jinyar da bincike ya fi tabbatar da amfaninta ta zama ce da tattaunawa, ba ɗauri ba allura: a gano me ke tayar da sha'awar, ranar biyan kuɗi ce, faɗa da iyali ne, ko zaman banza, a warware tunanin cewa asara bakwai a jere na nufin ci ya kusa, a koyi yadda ake jure sha'awar har ta lafa, domin tana lafawa. Idan akwai ciwon damuwa ko shan tramadol a tare, wanda ba abin mamaki ba ne, a haɗa a yi maganinsu. Tsarin ƙungiyar masu tallafa wa juna ta Gamblers Anonymous, da aka fara a Los Angeles a 1957, bai wuce mutane masu matsala ɗaya su zauna mako-mako su faɗi gaskiya ba tare da maganar ta fita ba. Ɗakin makarantar Islamiyya bayan Isha ya isa a yi irinsa.

Akwai maganar da ba a so a yi amma tilas ne. Wani bincike a Suwidin a 2018 ya gano cewa masu wannan ciwo sun ninka sauran jama'a sau 15 wajen mutuwa ta hanyar kashe kai. Idan mai bashin caca ya fara cewa gara ya huta, ko ya fara neman gafarar mutane ba dalili, kada a bar shi shi kaɗai, kada a tsaya yi masa faɗa, a kai shi asibiti a ranar. Tun 2023 majalisar Gana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, don haka tsoron 'yan sanda ba hujja ba ce ta ɓoyewa.

Iyali su ma suna da nasu aikin, kuma yana da ɗaci. Uwa takan sayar da zannuwanta ko sarƙarta ta biya bashin ɗa don a rufa asiri, ta ce masa, wannan ne na ƙarshe, ka ji ko? Idan kuɗin ya bi ta hannunsa, akasari rabi ne ke isa ga mai bashi. Idan za a taimaka, a rubuta basussukan duka, a je wurin masu su kai tsaye, a nemi a biya kaɗan-kaɗan, shi ma ya ɗauki kasonsa daga guminsa. Matar aure ta ware jarinta, ta riƙe lambar sirrinta, kada ta ba da katin ɗan ƙasa ko layinta a buɗe asusu da sunanta. Iyaye su duba saƙonnin MoMo ɗinsu, domin yaron da bai kai shekaru ba da layin babba yake shiga. Idan kuma mutum ya yi wata uku ya sake zamewa, ba a koma farko ba. A duba ta wace ƙofa kuɗin suka bi, a toshe ta.

Wanda bai kai ga kamuwa ba kuma ya ƙi bari, shawarar masana ita ce ya yanke abin da zai iya rasawa tun kafin ya fara, kada ya yi da kuɗin aro, kada ya bi asara, kada ya yi cikin fushi ko maye. Shawara ce mai rage ɓarna. Amma ga wanda ya riga ya fara ƙarya da cin bashi, maganar yin kaɗan-kaɗan yaudarar kai ce, bari gaba ɗaya shi ne ya fi tsira.

Saura nauyin da ke kan hukuma, domin ba daidai ba ne a bar saurayi ɗaya da wayarsa su yi kokawa da kamfanonin da ke da ƙwararru da biliyoyi. Birtaniya, wadda gasarta ce ake cacar a kanta, ta kafa rajistar GamStop a 2018, inda mutum ke sa sunansa sau ɗaya duk kamfanonin intanet masu lasisi su rufe masa ƙofa. Ta hana caca da katin bashi a 2020, ta ɗora wa kamfanoni harajin dole don jinya da bincike a 2025, ƙungiyoyin Firimiya kuma sun amince su cire sunan kamfanonin caca daga ƙirjin riga bayan kakar 2025/26. Gana tana da katin ɗan ƙasa da aka ɗaure kowane layin waya da shi, wanda ya sa tantance shekaru da toshe mutum a duk kamfanoni lokaci ɗaya abu ne mai yiwuwa. Tana kuma da Asusun Raya Zango tun 2017, wanda horar da limamai da shugabannin bes kan gane alamun ciwon da tura mutane asibiti ba zai ci masa kuɗin gina kwalbati ɗaya ba. 'Yan majalisar Ayawaso ta Gabas da ta Arewa, masu wakiltar Nima da Maamobi, su ne ya kamata a riƙa tambaya a kan wannan.

Akwai kuma abin da unguwa za ta iya yi ba tare da jiran sabuwar doka ba. Barin yaro ya yi caca laifi ne tun 2006. Idan sarakunan Zango da limamai da ƙungiyoyin iyaye mata suka ga shagon da ke karɓar kuɗin 'yan makaranta, suna iya rubuta ƙorafi da sunan shagon da wurin da yake da ranar da aka gani, su sa hannu tare, su kai wa Hukumar Kula da Caca. Kamfanin da shagon ke aiki da sunansa yana da lasisi a wurin hukumar, kuma duk shekara sai ya koma neman a sabunta masa.